Ƙofar Ɗakin Aro Ta Yi Shiru

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Allah ya gafarta Liman da malaman da ke zaune tare da shi. Ranka ya daɗe shugaban unguwa, da dattawan da ke dama da hagunka. Mai girma kansilanmu, wanda ya ajiye aikin ofis ya zo. Shugabar makaranta da malamanta. Maƙwabtanmu na coci da suka zo tare da fastonsu, mun gan ku, mun gode. Shugabar ƙungiyarmu, Sista, da 'yan kwamiti. Mama, uwar wannan gida, wadda ta fi mu duka rashi. Direba, babban ɗan marigayi, da ƙannensa da jikoki. Maza da mata, manya da yara, na cikin rumfa da na tsaye a rana, ina gaishe ku, ina yi mana ta'aziyya baki ɗaya.

Wanda bai san ni ba, ni ne mai walda na bakin kwana, wanda ƙarar injinsa ke hana ku barcin rana. Da kwamiti ya ce ni zan yi magana yau, na ce musu, "Kun rasa mutum ne? Duk layin nan babu wanda ya yi gardama da marigayi kamar ni." Sista ta ce, "Shi ya sa muka zaɓe ka." Don haka ku yi haƙuri da ni. Ƙarfe na iya lanƙwasawa, ban iya lanƙwasa magana ba.

Sunansa na yanka yana cikin takardar da aka raba muku, amma bakina bai saba da shi ba. Mai Tsani muka sani. Yaran da aka haifa a layin nan da yawa sun ɗauka sunan da aka raɗa masa ke nan, kuma bai taɓa gyara musu ba.

Mai fenti ne. Lokacin da ya tare a gidan nan, shi kaɗai ke da dogon tsani a duk unguwar. Kun san halinmu. Kwan fitila ya mutu, a je gidan mai fenti. Rufi na yoyo, a je gidan mai fenti. Ƙwallon yara ta maƙale a kan kwano, a je gidan mai fenti. Yana cin abinci a yi sallama, ya kwanta ya huta a yi sallama, yana banɗaki a yi sallama. Shi kuwa bai iya cewa a'a ba. Mama ce ta gaji. Ta ce masa, "Malam, ko dai ka sayar da tsanin nan, ko ka ɗauki tabarmarka ka koma bakin ƙofa ku riƙa kwana tare." Mama, in na ƙara gishiri ki gyara mini.

Bai sayar ba. Akwai ɗan ɗakin nan na bakin titi, wanda kuke gani a bayana, inda yake ajiye gwangwanayen fenti. Sai ya kwashe gwangwanayen, ya jingina tsanin a ciki, ya fito ya ce wa duk wanda ya gani, "Tsani yana ɗaki. Mai so ya ɗauka, in ya gama ya mayar. Kada a ƙara tashina."

Ba a yi wata guda ba mai buga bulo ya zo mayar da tsanin, ya tsaya yana kallon ɗakin, ya koma gida ya turo baronsa ya ajiye kusa da shi. Ya ce shi ma an ishe shi da sallama. Daga nan abin ya zama kamar an yi shela. Wannan ya kawo shebur, wancan ya kawo diga. Matar mai burodi ta kawo manyan tukwanen da take dafa abincin taro. Wani da ƙafarsa ta warke ya kawo sandunan dogarawa. Aka samu famfon keke, aka samu igiya, aka samu tamfol. Duk abin da ya shigo, sai marigayi ya tsoma babban yatsansa cikin ragowar shuɗin fenti ya dangwala masa. Ba don shuɗi ya fi kyau ba, wani ne ya ba shi aiki ya fasa, fentin ya zauna masa. Shaidar kayan ƙungiyarmu ke nan har yau. Da mutane suka fara kiran wurin Ɗakin Aro, sai muka ga ya kamata mu riƙa zama ƙarshen wata mu ga abin da ya karye da wanda zai gyara. Haka aka haifi ƙungiyar, ba mu ma san mun kafa ta ba.

Yanzu in zo kan rigimata da shi, tun da don ita aka tsayar da ni.

Wata damina ruwa ya cinye ƙyauren katakon ɗakin. Na ce ni zan ba da ƙofar ƙarfe, gudummawata ke nan. Na zauna na yi ta da kyau, ƙofar da ba zan ji kunyar a ce aikina ce ba. Na kawo, muka kafa. Sai ya sa yatsa a kan ɗan ƙarfen da na liƙa a gefe, ya ce, "Maƙeri, wannan fa?" Haka yake kirana in yana neman tsokana. Na ce, "Yaya, wurin rataya kwaɗo ne. Ka taɓa ganin ƙofa babu shi?" Ya ce, "Yau za ka fara gani. Ɗauko injinka ka yanke." Na ce masa rigakafi ya fi magani. Ya ce shi bai ga mara lafiya ba tukuna. Muka yi ta yi har mutane suka taru. Ƙarshe na yanke, ina yi ina ƙunƙuni. Tabon yana nan, in kun wuce ku shafa ku ji.

Bai tsaya nan ba. Bayan 'yan watanni ƙofar ta fara kuka. In an buɗe ta, sai ta yi wani ƙiii mai tsawo da ake ji har shagona. Wannan cin mutunci ne ga mai walda. Na zo da baƙin mai zan ɗiga mata, ya tare ni a bakin ƙofa da burushi a hannu. Ya ce, "Bar mini ita." Na ce, "Yaya, mutane za su ce aikina ne ba shi da kyau." Ya ce, "Su ce. Ni in na ji ta yi kuka, na san wani ya zo da buƙata ya tafi da biyanta, ban tashi daga inda nake ba. Wace rediyo ce za ta ba ni labari mai daɗin wannan?" Shekara da shekaru ina wucewa da man nan a aljihu, ina fakon ranar da zai yi tafiya. In ya yi tafiyar kuma, Mama yake bar wa gadin ƙofar.

Kada ku ɗauka ba a taɓa cutar mu ba. An cuce mu. Mun haɗa hannu mun sayi injin huda bango, sabo fil, abin da muka daɗe muna buri. Bai yi sati uku a ɗakin ba ya fita, bai dawo ba. Zaman ƙarshen watan nan ban taɓa ganin cika irinsa ba. Na tafi da kwaɗo sabo a aljihu, na ajiye shi a tsakiyar tebur, na ce, "Jama'a, wake ɗaya ke ɓata gari. Gani ya kori ji." Rabin mutane suka ce gaskiya ne. Wasu har sun fara ambaton sunayen waɗanda suke zargi, kuma kun san wa ake fara zargi: baƙon da ya tare kwanan nan, da wanda ba ya jin harshenmu sosai.

Marigayi ya bari kowa ya gama. Sannan ya ɗauki kwaɗon yana juya shi a hannu, ya ce, "Maƙeri, wannan yana da makulli?" Na ce yana da shi. Ya ce, "Makullin a aljihun wa zai zauna?" Na ce a naka mana. Ya ce, "To, ka ga matsalar. Ni ina da ranar da nake tashi fuskata a ɗaure. Ina da wanda muka saɓa da shi jiya. Ina da ranar da nake can kan bango a wata unguwa. Matar da mijinta ya faɗi tana neman sandar dogarawa, sai ta tsaya a ƙofata ta yi sallama, ta gaishe ni, ta ba ni labarin abin da ya same su, ta jira in ga dama. Yanzu ɗauka take yi. In ka sa wannan, roƙo za ta riƙa yi. Ni na san mutane a layin nan da za su gwammace rufinsu ya yi ta yoyo da su roƙe ni tsani." Ya mayar da kwaɗon tebur ya ce, "Wanda ya ɗauki injin ya ɗauki inji. Kada mu ƙara masa da ɗakin."

Aka ɗaga hannu, na faɗi. Na ɗauki kwaɗona na tafi gida ina fushi, kwana biyu ban gaishe shi ba. Rana ta uku ya zo shagona ya ce allon sunana ya koɗe, ya hau tsani ya sabunta shi. Da shuɗi kuma, don ya ƙara ba ni haushi. Ina so a shaida cewa injin nan har yau bai dawo ba. Ina faɗa masa haka duk shekara, yakan ce, "Yana hanya."

Ya kasance mutum mai taurin kai, wannan ba zan ɓoye ba don ya rasu. Ya kasance in yana fenti yana waƙa, kuma Allah bai ba shi murya ba. Ya kasance ba ya zuwa taro a kan lokaci, sai an fara ya shigo yana goge hannu da tsumma yana cewa a maimaita masa. Harshe da haƙori ma suna saɓawa, kuma babu ɗan kwamitin da bai taɓa saɓawa da shi ba.

Amma ya kasance in baƙo ya tare a layin nan, kafin ya gama kwance kayansa zai ji sallama. Zai kama hannunsa ya kai shi Ɗakin Aro, ya tura ƙofar, ya ce, "Duk abin da ka gani naka ne. Ka ɗauka, ka wanke, ka mayar. In ya karye a hannunka ka faɗa, ba a duka." Bai taɓa tambayar mutum garinsu ko inda yake ibada ba kafin ya nuna masa ɗakin. Tela na gidan bene ya ba ni labari da bakinsa, ya ce ya zauna a wurare da dama, kuma ko'ina sai ya shekara kafin a yarda a ara masa guduma. Nan aka buɗe masa ɗaki guda ranar da ya iso. Ya ce a daren ya gaya wa matarsa ta daina ajiye kwalayen kaya, sun iso gida.

Ya kasance yana ganin abin da mu ba mu gani ba, ko da mun hau tsaninsa. Mu mun ɗauka kaya muke ara wa juna. Ashe wanda ya ari baronka yau, gobe in ka ce masa a fito a yashe kwata kafin damina, ba zai ce bai san ka ba. Haka muka fara fitowa yasar kwata, kuma tun daga lokacin ruwa bai ƙara shiga gidajen gangare ba. Haka muka hau rufin makaranta da iska ta yaye, shugabar makaranta tana nan, ita ta riƙe mana tsanin da kanta. An ce kayan aro ba ya rufe katara. To, a layinmu ya rufe azuzuwa biyu.

Ya kasance shi ya koya mana hanyar ofishin hukuma. Lokacin da bututun ruwa ya fashe a bakin kwana, wata da watanni muna zagin hukuma a shaguna, babu wanda ya taka ya je. Ya ce, "Su suna jin zagin nan daga can?" Ya tara mu, maza da mata, muka tafi ranar da majalisar gari ke sauraron jama'a. Da yawanmu ba mu ma san ana barin irinmu shiga ba. Ya miƙe da fenti a farcensa ya yi bayani, bai zagi kowa ba, bai roƙi kowa ba. Aka ce za a duba. Wata na gaba muka koma. Na gaba ma muka koma. Mai girma kansila, kana dariya, ka tuna ke nan. Kai ka ce mana masu gadin ofis sun fara tanadar mana benci. An gyara bututun, kuma har yau in ana zaman nan za ka tarar da ɗan layinmu a ciki, ko da ba mu da ƙorafi.

Ya kasance bai ɗauki ƙungiyar nan gadon gidansu ba. Da ya yi shugabanci karo biyu, muka ce ya ci gaba, ya ƙi. Ya ce ƙungiyar da ba ta iya tafiya sai da mutum ɗaya, ranar da ya yi zazzaɓi ita ma ta kwanta. Shi ya nuna Sista, ma'aikaciyar jinyar asibitinmu, a lokacin da wasu dattawa ke ganin mace ta zauna a taro ma alfarma aka yi mata. Ya ce, "Wadda ke iya sa ni in sha magani za ta iya da ku." Ya koma ɗan kwamiti kawai, yana zuwa a makare kamar yadda ya saba, ita kuma tana yi masa faɗa a gaban kowa.

Da ciwo ya kama shi, ɓarin jikinsa ya shanye, ya ce a mayar da gadonsa ɗakin da ke jikin Ɗakin Aro, bango ɗaya ya raba su. Aka ɗauko masa keken marasa lafiya na ƙungiya, da shi ake fito da shi ya sha iska da yamma, ya ga mutane, ya yi musu tsiya. Wannan fitowar ita ce duk abin da ya rage masa na duniyar waje. Sai 'yar mai wanki ta faɗi ta karye a cinya, ana saura kwanaki kaɗan ta fara jarrabawar fita. Uwarta ta san keken yana wurinsa, sai ba ta gaya wa kowa ba. Labari ya kai masa. Na je gaishe shi na tarar yana faɗa da Mama da rabin bakin da ya rage masa. Ya ce, "Maƙeri, tura keken nan ka kai gidan mai wanki." Na ce, "Yaya, kai fa?" Ya ce, "Ni ina zan je? Ita ke da jarrabawa." Na ce za mu nemo wani. Ya ce, "Ku nemo. Kafin nan wannan ya tafi." Na tura keken nan fanko a kan titi, kuma ban taɓa tura abin da ya yi mini nauyi kamarsa ba. Yarinyar tana nan cikinku, da ƙafarta ta zo. Ba zan nuna ta ba, kada ta ji kunya.

Mama ta gaya mini yadda ya cinye sauran kwanakinsa. Yana kwance, ido a rufe, ka ce barci yake. Ƙofa ta yi ƙiii, sai ya buɗe ido. In ya ji ƙarar taya ya ce, "Baro ne." In ya ji an bugi dokin ƙofa ya ce, "Tsani ne, kuma wannan bai iya ɗauka ba." In ya ji ƙarar murfi ya ce, "Tukwane. Wani gida yana da taro, je ki ji ko na daɗi ne." Ta ce ranar da ƙofar ta yi kuka da yawa, ranar yake cin abinci sosai.

Jama'a, yanzu zan faɗi abin da ya fi damuna, kuma sai da na nemi izinin Mama da Direba kafin in kawo shi nan.

Da Allah ya karɓi abinsa, duk wanda ke riƙe da kayan ɗakin nan ya duba ya ga shuɗin yatsan marigayi a jiki. Ya ce wannan amanar mamaci ce, kada in kwana da ita. Kowa ya wanke nasa ya kawo. Har abubuwan da na manta muna da su sun fito. Baro biyu, shebur sun fi goma, tukwane a kan tukwane, sandunan dogarawa, keken marasa lafiya. Na duba da kyau, injin huda bango dai bai zo ba. Tun da aka kafa ɗakin nan bai taɓa ganin kayansa gaba ɗaya ba, don kullum rabinsu suna waje suna aiki. Yanzu ya cika har ƙofar da na yi ba ta rufuwa, ƙafar baro ta tokare ta.

Bayan nan kuma babu wanda ya ƙara zuwa ɗauka. Na san dalili, don ni ma na ji shi a raina. Wa zai je gidan da ake kuka ya ce ya zo aron shebur? Kunya ce da ladabi suka hana mu. Na ga mai buga bulo da idona yana jidar yashi da bokiti, baron da shi ya fara kawowa yana can a ɗaki.

Shekaranjiya Direba ya zo shagona. Ya gaishe ni, ya zauna. Sannan ya ce, "Baba, ina so ka zo ka liƙa wa ƙofar nan wurin kwaɗo." Ku ji fa. Shekara fiye da ashirin ina jiran wani daga gidan nan ya faɗa mini haka. Kwaɗon yana nan cikin akwatin kayan aikina, a ledarsa. Amma da na ji, sai na ji kamar an sake yi mini rasuwar.

Na ce, "Ɗana, me ya faru?" Ya ce, "Baba, ni kullum ina kan hanya. Sati mai zuwa zan koma aiki. Ga ɗaki cike da kaya, ƙofa a buɗe, akwai ƙaramar ƙofa daga cikinsa zuwa tsakar gida, Mama ita kaɗai da yara. Da dai ana amfani da shi ne, da ban ce komai ba. Amma ai kun dawo da kayanku. Mun gane. Abin na mahaifinmu ne, ya tafi da shi, kun sallame mu."

Kun ji abin da ladabinmu ya jawo. Mu muna ganin girmamawa muka yi, su a cikin gida suna ganin sallama muka yi musu.

Direba, ɗana, ina faɗa maka a gaban iyayenka: ba ka yi laifi ba. Ɗan da ya damu da kwanan uwarsa ɗan albarka ne, kuma ɗakin na gidanku ne, hukuncinsa yana hannunku. Ƙaramar ƙofar nan ta ciki, gobe da safe zan zo in ƙarfafa ta, in sa mata wurin kwaɗo ta ɓangaren tsakar gida. Kwaɗona ya samu aiki, makullin kuma a hannun Mama zai zauna. Ko Yaya ba zai yi gardama da wannan ba, ko da yake da shi ba a rantsuwa. Kwamiti kuma ya tsara yadda kullum za a samu mai leƙowa ya gaishe ta, kana gari ko ba ka gari. Amma ba mu sallame ku ba. Wallahi ba mu sallame ku ba. Mun rasa yadda za mu yi ne.

Mama, da na shiga wurinki jiya, na tambaye ki me kike so in faɗa wa jama'a. Na ɗauka za ki ce in yi musu godiya. Kika ce, "Mai Walda, ƙofar nan da na yi shekaru ina ƙorafin tana hana ni hutawa, yanzu shirunta ke hana ni. In na zauna a ɗakinsa sai in kama kaina ina saurare. Ka ce musu su zo su ara." An ce sabo ake yi wa kuka. To, Mama, ga su nan, na faɗa musu. Allah ya ba ki haƙuri. Ke kika tura tsanin nan bakin ƙofa da faɗanki, ke kika yi gadin kukan ƙofar, ke kika yi jinya. Duk ladan da ya samu a ɗakin nan, muna fatan Allah ya ba ki irinsa.

Da safiyar nan Direba ya ce mini, in ƙofar ta koma kukanta kafin ya kama hanya, in bar ƙarfena a shago. Don haka magana ta bar hannunsa, ta bar hannuna, ta dawo kanku.

Ina roƙon kowa ya ɗan juya ya dubi bayan kujerar da yake zaune a kai. Na tsaye su dubi ƙafar rumfa. Kayan ɗakin ne, kwamiti ya fito da su don zaman nan. Kun ga shuɗin? Yatsansa ne. Shi ya zaunar da ku yau. Ba alamar mallakarsa ba ce, bai taɓa cewa nasa ne ba. Alama ce ta cewa abin nan ba ya zama wuri ɗaya. Mai rufin da ke yoyo, damina ba ta san ana makoki ba. Mai buga bulo, ajiye bokitin nan. Wadda ke da tsoho a gida da ba ya iya fita, keken yana nan an wanke shi. Kada ku yi sallama, kada ku nemi izini, kada ku ji kunyar Mama. Ku tura ƙofar da ƙarfi yadda za ta ji daga ciki. Ni kuma na yi alkawari a gabanku, man da ke aljihuna ba zai taɓa ta ba muddin ina raye, ko da duk garin nan za su ce ban iya aiki ba.

A madadin ƙungiya da iyalin marigayi, muna godiya ga Liman da malamai, da shugaban unguwa, da kansila, da maƙwabta na kusa da na nesa, da matan da suka tsaya a kan tukwane tun safe, da matasan da suka kafa rumfa. Wanda marigayi ya ɓata wa, muna roƙonsa ya yafe masa. Ni na yafe masa allon shagona.

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka. Mun shaida bai taɓa rufe ƙofa a fuskar mai buƙata ba, kada ka rufe masa ƙofar rahamarka. Ka gafarta masa kurakuransa, ka yalwata masa makwancinsa, ka sa aljanna ce makomarsa. Duk rufin da aka gyara da tsaninsa, duk mara lafiyar da ya dogara da sandar ɗakin nan, ka kai masa ladan har inda yake. Ka ba Mama juriya, ka tsare Direba a kan hanya, ka raya zuriyarsa cikin albarka. Ka bar mana yardar da ya shuka a tsakaninmu. Wanda ya ɗauki injin nan ma, ya Allah, ka shirye shi. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.

In an tashi, mai buƙatar baro ya fara zuwa. Shi ya tokare ƙofar, sai ya fita za ta iya motsi.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.